Na'urar da ke Riga Malam Masallaci

Duk wanda ya taɓa zama a ofis, ko a shagon buga takardu a Daura ko Mai'aduwa ko Zango, ya san abin da kan biyo bayan ɗauke wuta. A tayar da janareta, fitilu su kama, fanka ta soma juyawa, a kunna kwamfuta, sai kawai ta rubuto cewa ba ta ga faifan ajiyarta ba, alhali faifan yana nan cikinta inda yake tun jiya. Maganin da kowa ya sani shi ne a sake tayar da ita, kuma sau da yawa sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. To, a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi wa kansa tambaya: in dai lalacewa ta yi, mene ne ya gyara ta tsakanin tashin farko da na biyu, tunda ba wanda ya taɓa ko da waya ɗaya? Wasu kan ce zafi ne, wasu su ce ƙura ce, wasu kuma su ce dama kayan gwanjo sun gaji haka. A ganina, a lokuta da dama ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya faru shi ne wani ɓangare na na'urar ya riga ɗan'uwansa shiri, ya yi masa magana tun bai farka ba, da ya ji shiru sai ya yanke hukuncin cewa ba kowa a ɗakin.

Ni malamin ilmin halittu ne, kwamfuta ba fagena ba ce, kuma abin da ya ja ni cikin wannan magana asara ce. Wata ɗalibata ta tattaro irin gero daga wasu ƙauyuka na ƙasar Daura domin ta gwada yadda kowane iri ke tsirowa a zafi daban-daban. Muka haɗa wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke auna zafin akwatin gwajin dare da rana, tana rubuta abin da ta auna a kan wani faifai da aka jona mata daga waje. Wanda ya tsara mana ita ya san faifan yana da nauyin tashi, saboda haka ya rubuta mata umarni cewa in ta tashi ta jira daƙiƙa 5 kafin ta neme shi. Haka aka yi watanni ba matsala. Da faifan ya cika muka sauya shi da wani babba, ba mu san cewa shi sabon ya fi na dā jan jiki ba. Ran wata Jumma'a da dare aka ɗauke wuta aka maido, kwamfuta ta ƙirga 5 ɗinta, ta nemi faifai sau ɗaya tak, ba ta same shi ba, ta yi shiru abinta, fitilarta na ci kamar mai aiki. Sai ranar Litinin muka gane cewa kwana biyu da rabi ba ta rubuta komai ba, kuma a cikinsu ne geron ya tsiro. Dole aka sake gwajin daga farko, yarinyar nan kuwa ta yi kuka har ta gode Allah. Ba wani abu da ya ƙone, ba wani abu da ya karye.

Domin mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙar, bari mu leƙa cikin na'urar kaɗan. A ƙarƙashin duk manhajojin da muke gani akwai uwar manhaja, irin su Windows ko Linux, a tsakiyarta kuma akwai abin da za mu kira zuciyar manhaja, watau ɓangaren da shi kaɗai ke da ikon yin magana kai tsaye da gaɓoɓin na'urar: faifai, allo, kyamara, katin ajiya da sauransu. Kowace gaɓa da irin yarenta, saboda haka zuciyar tana da ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, kowane direba da gaɓar da ya iya wa. Kodayake sunan direba ya bi su, aikinsu ya fi kama da na tafinta. Kada kuma wani ya ɗauka wannan zance na masu manyan injuna ne. Wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwar shanu a Mai'aduwa tana tafiya ne a kan zuciyar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991. Duk sa'ad da aka kunna wayar, sai zuciyar nan ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana haɗa kowace da direbanta.

Matsalar ita ce gaɓoɓin ba tare suke farkawa ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da ban mamaki. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya aiwatar da umarni fiye da miliyan 1,000 a daƙiƙa guda. Shi kuwa faifai mai juyawa sai injinsa ya ɗauki gudu har ya kai juyi 5,400 ko 7,200 a minti kafin a iya karanta komai a kansa, wannan kuwa kan ci daƙiƙoƙi. A wurin ƙwaƙwalwar, daƙiƙa guda tamkar shekaru ce. In ba a hana ta ba, za ta gama neman kowa da kowa, ta rufe rajista, tun kafin rabin gaɓoɓin su buɗe ido.

Masu ƙera waɗannan kaya sun san da haka tuntuni, shi ya sa suka shimfiɗa ƙa'idoji na sallama da amsawa. Akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar tebur ba ya barin ƙwaƙwalwa ta motsa sai wutar ta daidaita, sa'an nan ya aika mata da alamar cewa wuta ta yi kyau, bayan jinkirin milisakan 100 zuwa 500. Milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. In ka soka filash a ramin USB, ƙa'idar da aka fitar a shekarar 2000 ta ce a dakata aƙalla milisakan 100 har haɗin ya zauna, domin hannun ɗan Adam yana rawa, sa'an nan a sake saita shi na aƙalla milisakan 10, a kuma ba shi wasu 10 ya dawo hayyacinsa kafin a tambaye shi ko shi wane ne. A kan hanyar PCI Express, wadda manyan gaɓoɓi ke bi, dokar ita ce a jira milisakan 100 kafin tambayar farko, kuma an ba gaɓar damar ta amsa da cewa tana nan amma ba ta shirya ba, a sake dawowa, ba kuma za a ce ta mutu ba sai daƙiƙa guda cur ta wuce. Tsofaffin faifai na tsarin ATA an yarda musu har daƙiƙa 31 suna ɗaga tutar cewa suna kan shiri. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin NVMe na faifan zamani marasa juyi, wanda ya fito a 2011: faifan da kansa ne ke gaya wa direba iyakar lokacin da zai iya ɗauka, direba ya ba shi umarnin tashi, ya riƙa leƙa wata tuta har ta ɗaga, in wa'adin da faifan ya yanka wa kansa ya wuce tutar ba ta ɗaga ba, to, sai a ce akwai matsala.

In aka tace waɗannan duka, hanyoyi biyu ne. Ko dai ka ƙirga lokaci ka ɗauka cewa ɗan'uwanka ya shirya, ko kuwa ka tambaye shi. Ra'ayina shi ne duk inda tambaya za ta yiwu, ƙirga lokaci ganganci ne, kuma ba daga littafin injiniyoyi na koyi wannan ba, daga fagena na koye shi.

Ƙwayar halittar jikin ɗan Adam tana ɗauke da kuromosom 46, watau ƙunshin bayanan gado, kuma kafin ta rabu biyu sai ta kwafe su duka, sa'an nan ta ja kowane kwafi zuwa ɓangarensa. An daɗe ana zaton matakan suna bin juna ne kawai kamar jerin gwano. A 1988 wasu masana biyu a Amurka, Ted Weinert da Leland Hartwell, suka nuna a jikin ƙwayar yis cewa akwai mai gadi. In aka raunata bayanan gadon da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, lafiyayyar ƙwaya takan tsaya cik, ta gyara ɓarnar, sa'an nan ta ci gaba. Wadda kuwa aka lalata mata ƙwayar gado mai suna RAD9 ba ta tsayawa, rabuwa take yi da rauninta, 'ya'yanta su mutu. A 1989 suka raɗa wa irin wannan gadi suna shingen bincike, a 2001 kuma Hartwell ya sami kyautar Nobel tare da Tim Hunt da Paul Nurse saboda aikinsu kan rabuwar ƙwayoyin halitta. Akwai wani shingen da ya fi wannan tsanani: muddin kuromosom ɗaya tak bai kamu da zaren da zai ja shi ba, ƙwayar takan jinkirta rabuwa, sauran duk su jira shi. Lalacewar irin waɗannan shingaye na daga cikin abubuwan da ake gani a ciwon daji.

Amma halitta tana da ɗayar hanyar ita ma, kuma adalci ne a faɗe ta. Ƙwan kwaɗon nan na Afirka da ake kira Xenopus, bayan an barbare shi, yakan yi rabuwa 12 na farko da agogo, kusan kowace rabin awa, ba tare da tsayawa bincike sosai ba. Sai bayan nan shingayen ke kafuwa. A fahimtata, kwaɗo ya iya ɗaukar wannan kasadar ne domin uwa ta riga ta cusa wa ƙwan duk abin da yake bukata, kuma ƙwai ne rututu, in wasu sun ɓaci wasu za su rayu. Agogo yana aiki ne inda aka riga aka san komai, kuma asarar ɗaya ba ta da zafi. Ɗalibata kuwa gwaji ɗaya gare ta.

Manomin ƙasar Daura ya san hanyoyin nan biyu tun kafin a ƙera kwamfuta. Akwai mai yin binne, watau ya zuba iri a busasshiyar ƙasa bisa lissafin cewa ruwa ya kusa. In lissafi ya yi daidai ya riga kowa, in kuwa yayyafi ya sauka iri ya tsiro sa'an nan ruwa ya ɗauke, sai sabuwar shuka da sabon iri. Akwai kuma wanda in an yi ruwa zai je gona ya tona da hannu ya ga iyakar inda laima ta kai kafin ya ɗauko sungumi. Ba na zargin mai binne, domin daminarmu gajera ce, kuma ya san abin da ya saka a caca. Wanda nake zargi shi ne mai tsara na'ura da zai yi mini binne a ɓoye, ya saka wata daƙiƙa 5 a can cikin manhaja, bai gaya wa kowa ba.

Su kansu masu rubuta Linux sun sha fama da wannan. In faifan da uwar manhaja ke kansa mai jinkiri ne, suna da umarni iri biyu: ɗaya mai suna rootdelay, wanda ke cewa a jira daƙiƙa kaza, ɗaya kuma rootwait, wanda ke cewa a jira har faifan ya bayyana. A wayoyi da ƙananan na'urori lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin gaɓoɓin sun dogara da juna: kyamara ba za ta tashi ba sai mai ba ta wuta ya tashi, shi kuma yana jiran hanyar da ake yi masa magana ta kanta. Shekaru ana ta ƙoƙarin jera direbobin da hannu, wannan kafin wancan, da an sauya allo ɗaya jerin ya wargaje. A 2012, a fitowar Linux ta 3.4, aka shigar da wata dabara ta wani injiniya mai suna Grant Likely. Direban da ya zo ya tarar abin da yake bukata bai shirya ba, maimakon ya ce ya kasa, sai ya ce a ɗaga masa ƙafa. Zuciyar manhaja ta sa shi a layin jira, duk sa'ad da wani direban ya yi nasarar tashi sai ta sake gwada na layin. Kafin nan amsa biyu ce kawai, ko na samu ko ban samu ba. Ƙarin amsa ta uku, watau tukuna, shi ya warware ƙullin.

Na san abin da za a ce mini, kuma wasu daga cikin masu cewar suna da hujja. Na farko, akwai gaɓar da ba ta da baki. Injin sanyin firiji ba zai iya gaya maka cewa iskar gas ɗin da ke cikinsa ta daidaita ba, in kuwa aka maido wuta nan take ya yunƙura a kan matsin da bai sauka ba, yana iya ƙonewa. Shi ya sa sitabilaiza mai jinkiri ke riƙe wuta kamar minti 3 kafin ta sake ta. Wannan ƙirga lokaci ne, kuma daidai ne, haka ma milisakan 100 ɗin nan na USB. Bambancin shi ne waɗannan lokuta an auna su, an rubuta su a ƙa'ida kowa ya sani, ba wani ne ya gwada 5 a ɗakinsa ya ga ta yi ya wuce ba. Na biyu, za a ce mai tambaya yana iya yin jiran gawon shanu: in faifan ya mutu da gaske, na'urar za ta tsaya tana jira har abada. Gaskiya ne, saboda haka tambaya ba ta cika sai da wa'adi, wa'adi kuma bai cika ba sai da sanarwa. Abin da ya cuce mu a ɗakin gwaji, fiye da rashin samun faifan, shi ne shirun da ya biyo baya. Da na'urar ta kunna jar fitila ko ta yi ƙara, da mai gadi ya kira ni a daren.

Me ya sa nake ganin wannan magana ta fi shafarmu a kan waɗanda suka ƙera kayan? Domin a ƙasashensu babbar kwamfuta kan yi watanni ba a kashe ta ba, saboda haka kuskuren da ke ɓuya a lokacin tashi ba safai yake nuna fuskarsa ba. Mu kuwa tun zamanin NEPA har zuwa yau da KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, na'ura kan tashi sau da dama a yini, kuma tashin gayya ne: wuta ta dawo, kwamfuta da faifai da akwatin intanet duk su zabura lokaci guda, wanda ya fi sauri ya nemi wanda bai farka ba. Kuskuren da kan faru sau ɗaya a tashi ɗari, wanda wani zai shekara bai gani ba, mu sai mu gan shi a wata guda. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Mai karatu ya kwatanta ɗakin da yara suka cika, a sauya janareta, kwamfutocin su riga akwatin da ke haɗa su tashi. Minti goma da za a ɓata ana kashewa ana kunnawa ba ƙaramin abu ba ne a wurin yaron da ya taso daga Baure ko Sandamu tun asuba, hankalinsa ya riga ya tashi.

Ga kuma wata asarar da ba a lissafa ta. Kayan da ba abin da ya same su ana jibge su a sito da sunan sun lalace, domin mai gyara ya gwada ya ga wani lokaci su yi wani lokaci su ƙi, ya rasa dalili. Ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba. Yawancin abin da ake kira koyon kwamfuta a wurinmu ya tsaya ne a kan allo, watau buga takarda da tsara hoto da shiga intanet. Abin da ke faruwa a daƙiƙoƙin farko, kafin allon ya nuna komai, an bar wa Turawa da Sinawa.

Daura kuwa yanzu tana da inda za a koyar da wannan. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 2019, a watan Disamba na shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara shi ya bi ta Daura. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun fi kowa sanin wannan darasi, domin tsohuwar dokarsu ce ba a ba jirgi alamar wucewa don kawai an aika da umarnin sauya layi, sai an sami tabbaci daga can cewa ƙarfen ya koma wurinsa ya kulle, in tabbacin bai zo ba alamar tsayawa ce za ta ci gaba da nunawa. Ɗalibin da zai kula da irin waɗannan alamu gobe ya kamata tun yau a ba shi ƙaramin allo na 'yan dubban nairori, a sa shi ya rubuta direba da hannunsa, ya ga yadda yake faɗuwa in ya riga gaɓarsa shiri, ya gyara shi da tambaya da wa'adi. Linux a buɗe take, kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta kyauta, saboda haka ba za a fake da rashin kuɗin lasisi ba.

Ga shugabannin makarantu da asibitoci da ofisoshi masu karɓar kaya daga hannun 'yan kwangila kuwa, shawarata ba ta bukatar digiri. Abin da aka saba shi ne ɗan kwangila ya kunna kayan ɗaya bayan ɗaya a natse, komai ya yi kyau, a tafa, a sa hannu. Kafin a sa hannun, a umarce shi ya katse wutar ɗakin gaba ɗaya daga babban makunni ya maido, ba tare da ya taɓa kowace na'ura ba, a ga ko za su haɗu da kansu. A maimaita sau 10, a wutar gari da ta janareta. Sa'an nan a zare wayar faifai ko ta akwatin intanet da gangan, a ga ko na'urar za ta faɗi abin da ta rasa ko kuwa shiru za ta yi. In kayan na da tsada ana tsoron katse musu wuta, to, wannan ma amsa ce, sai a tanadi batirin da zai riƙe su, a sa kuɗinsa cikin kwangilar.

Mu dai a ɗakin gwajinmu mun cire daƙiƙa 5 ɗin nan. Yanzu 'yar kwamfutar tana neman faifan kowace daƙiƙa har tsawon minti 2, in ba ta same shi ba ta soma rubutu a katin ajiyar da ke cikinta, ta kuma kunna wata ƙararrawa mai tsananin ƙara da muka ciro daga tsohon agogon tebur. Sau biyu ta yi kuka tun da muka saka ta, na biyun ma ɓera ne ya ci wayar faifan.